Shekarar da Na Wanke Kofi Sau Bakwai

Jikata ta dawo daga makaranta tun kafin azahar, da ƙyalle a hanci, wai malamarsu ta ce duk wanda ya yi tari ya tattara littattafansa ya tafi gida. Na taɓa goshinta, babu zafi. Na sake taɓawa, don ni ban taɓa yarda da taɓawar farko a kan komai ba. Na zuba mata ɗumame, na zauna a bakin ƙofa ina kallon ta tana ci, ƙyallen yana rataye a kunne ɗaya. Ban san lokacin da zuciyata ta bar tsakar gidan ba, ta koma wani zamani da mura ba ta da suna na biyu.

A wani babban gida muka tashi a Jos, kusa da kasuwar Katako, wanda kakanmu ya gina lokacin da ya zo aikin kuza. Ba zakara ke tashinmu ba, ƙarar injin yanka katako ne, sai kuma bugun guduma da ihun masu ɗora itace a mota. Aikinmu na farko mu 'yan mata shi ne mu ɗauki buhu mu je mu ɗebo garin katako, don da shi Inna ke hura wuta. Mu dawo kanmu fari fat, a kora mu famfo. Ruwan famfon Jos da safe, wanda bai sa hannu a ciki ba ba zai gane ba, yatsu kan ƙage har ka kasa riƙe igiyar bokiti. Da damina kuwa ƙanƙara ta riƙa dukan kwanon rufi har ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Saboda haka mura ba ta barin gidanmu. In ta kama mutum ɗaya sai ta zagaye kowa, ɗaki bayan ɗaki. Inna ta tafasa citta da kanumfari da masoro, ta matse lemun tsami, ta sa a tsinko ganyen bishiyar turare, ta zuba a tukunyar ruwan zafi, ta tattara mu ƙarƙashin bargo ɗaya mu yi sirace. Muna kuka, hanci na zuba, ita kuwa tana daga waje ta danne bakin bargon da ƙafa tana cewa, "Ku yi mini shiru, mura ce, ba ta taɓa kashe kowa a gidan nan ba." A cikin gidan akwai wani tela ɗan ƙabilar Ibo da matarsa da 'ya'yansu huɗu. In an shiga bargon nan har da su ake shiga, kai na gugar kai. Ban taɓa jin wani ya tambayi wa ya kawo murar ba. Ta zo ne kawai, kamar yadda ruwa ke zuwa.

Yanzu kowace mura da sunanta. An yi ta tsuntsaye, an yi ta aladu, an yi wadda ta rufe masallatai da kasuwanni. Ban ce likitoci sun yi laifi ba, su suka san abin da suke gani a madubinsu. Abin da na sani shi ne, in suna ya fito daga bakin rediyo ya shigo unguwa, ba ya zama yadda aka faɗe shi. Ni na gani da idona, kuma har da hannuna a ciki.

Dole in faɗi halina, don a gane abin da ya biyo baya. Ni mace ce mai waswasi tun ina ƙarama. Nakan yi alwala in gama, in fara shakkar ko na shafi kunne, in sake daga farko. Nakan kulle ƙofa in yi nisa, in dawo in girgiza kwaɗon. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan na Islamiyya, amma abin da aka koya mini na tsarki da najasa na riƙe shi da hannu biyu, har na ƙara masa nawa. Kuma ina tsoron manya. Har na haura shekara arba'in ban taɓa ce wa na gaba da ni a'a ba.

Mijina mai aikin katako ne, ya gina mana gida wajen Farin Gada, inda motocin tumatir da kabeji ke sauke kaya tun hantsi bai fito ba. Da Allah ya yi masa rasuwa aka raba gado, ɗakina da 'yar barandar gabansa suka faɗo a kasona na matar mamaci, wato tumunin takaba. Sauran gidan na yara ne, kuma tunda ƙanana ne, aka bar shi a hannun wan mijina, Yaya Sabi'u. Shi ne ya zuba 'yan mata ɗalibai haya a ɗakunan, tunda muna kusa da makarantarsu. A ɗakin ƙarshe akwai guda biyu, Rukayya da Nkechi. A lokacin garin ya riga ya tsage saboda rikici, mutane sun yi ƙaura kowa ya koma cikin nasa, da wuya ka ga 'yar Ibo tana kwana a layinmu. Amma uban Nkechi ya yi shekaru yana sayar da ƙusa da fenti kusa da rumfar mijina, kuma da zai koma garinsu ni ya kawo wa ita da kansa. Ya ce, "Madam, ga 'yarka." Haka suke magana, ba su raba mace da namiji. Nkechi ma haka Hausarta take, duk da a Jos aka haife ta. Rukayya takan yi mata dariya ta ce, "Ke dai har ki mutu kowa namiji ne a wurinki." Ita kuma ta ce, "Kai kuma har ka mutu ba za ka iya dafa miya ba."

Shekarar da nake magana, rediyo ya fara kawo labarin wata mura da ke yawo a makarantu da jami'o'in ƙasashen waje, wai murar aladu. Kafin a ce me, magana ta cika unguwa cewa ta shigo, tana cikin ɗakunan kwanan ɗalibai. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma dai yaran suna tari da yawa a daminar nan. Masu tasi suka fara ƙin ɗaukar ɗalibi mai atishawa. Saura mako biyu a fara jarabawa, Rukayya ta kwanta. Zazzaɓi mai zafi, tari, ciwon jiki, ba ta iya riƙe ko kunu. Nkechi ce ta ajiye littattafanta ta riƙa yi mata komai, ta goge mata jiki, ta wanke abin da ta amayar, ta riƙe ta zuwa bayan gida.

A bakin famfo na fara jin abin da ake faɗa. Wata maƙwabciyata ta ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, ta ina 'yar Musulmi za ta samu murar aladu?" Wata ta amsa, "Ai ba ta samu ba, kawo mata aka yi. Ba ki ga da wa take kwana ba?" Suka yi shiru da suka ga ni. Na ɗauki bokitina. Amma maganar ta bi ni har gida, ta sami wurin zama, don ƙofar waswasina a buɗe take kullum. Na fara tambayar kaina: in ciwon daga alade ya fito, tarin ba najasa ba ne? In ya sauka a mayafina, sallata ta yi? Na sake salloli na kwana biyu. Sai na tuna a Islamiyya an ce mana in kare ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, har da ƙasa. Na ce a raina, in kare haka ne, ina ga alade? Ban tambayi malami ba, ni na yanke wa kaina hukunci. Da farko duk kwanon da ya fito daga ɗakin ƙarshe sai na yi masa wankin bakwai. Daga baya, ban san yadda aka yi ba, na koma na Rukayya in wanke sau ɗaya, na Nkechi sau bakwai. Marar lafiyar sau ɗaya, mai lafiyar sau bakwai. Yau in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi.

Nkechi tana da wani kofin roba shuɗi. Wata safiya ina tsugune a bayan kicin ina murza shi da ƙasa, ina ƙirgawa a hankali, sai na ji inuwar mutum a kaina.

"Mama, me kana yi da kofina?"

Na ce, "Wankewa nake yi, ba kya gani?"

"Ina gani. Na ƙirga. Wannan na biyar ne." Ta tsaya riƙe da bokitin da ta wanko zanen Rukayya, hannayenta sun yi fari saboda ruwa. "Rukayya ya taɓa gaya mini wannan wanki. Ya ce na kare ne."

Ƙasa tana ɗiga daga yatsuna.

"Mama, ni kare ne?"

"Subhanallahi, Nkechi, wa ya ce miki haka?"

"Ba wanda ya ce. Kofin ne ya ce." Muryarta ba ta tashi ba, da ta yi mini ihu ma da ya fi mini sauƙi. "Tun da an haife ni ban ci alade ba, mamana ba ya dafawa. Amma ko na ci, kwana huɗu wa yana kwashe aman Rukayya? Matan famfo ne?"

Ta karɓi kofin daga hannuna, ta ɗauraye shi sau ɗaya, ta shige ɗaki. Na daɗe a tsugune a wurin. Yarinyar da ubanta ya miƙo mini ya ce ga 'yata.

Washegari muka samu mai tasi da ya yarda, muka kai Rukayya asibiti. Wata nas ce ta duba ta, dattijuwa, mai tabarau a kan hanci. Da Nkechi ta fita karɓo magani na matsa kusa da ita, na rage murya, na tambaye ta ko wannan ciwon najasa ne, da kuma sau nawa ya kamata in wanke kwano. Ta sauke tabarau ta dube ni. Ta ce, "Hajiya, suna ne kawai ya rikita ku. Ko ita ce ko ba ita ba, daga mutum take zuwa mutum, ta tari da atishawa. Ba ruwanta da abin da mutum ya ci. Liman zai iya ɗauka, fada na coci zai iya ɗauka." Ta ce in wanke da sabulu sau ɗaya, wanki mai kyau, in buɗe tagogi, in raba mai lafiya da marar lafiya ɗaki in da hali. Na ce to ƙasar fa? Ta yi dariya har ta riƙe tebur, ta ce, "Ki bar wa masu gini."

Na dawo gida zuciyata ta ɗan sauka, amma unguwa ba ta je asibiti tare da ni ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya Sabi'u ya yi sallama. Dogon mutum ne, mai murya, ko mijina a gabansa ƙasa yake dubawa. Na shimfiɗa masa tabarma a baranda, ya ƙi zama.

"Maman Bashir, na gaji da jin sunan gidan ƙanena a bakin mutane. Yau har a ƙofar masallaci an tare ni. Yarinyar nan ta Inyamurai ta kwashe kayanta kafin magariba."

Na ce, "Yaya, ai ita lafiyarta ƙalau. Rukayya ce ba ta da lafiya."

"To ai shi ne! Ita jikinta ya saba da abin, ba ya kama ta, sai dai ta raba wa 'ya'yan mutane."

Na gaya masa abin da nas ta ce. Ya ce nas ba ita za ta zauna da mutanen layi ba. Na ce yarinyar ranar Litinin za ta fara jarabawar ƙarshe, kuma ba ta da kowa a kusa sai wata gwaggonta can nesa a Kuru, ta yaya za ta riƙa isowa da sassafe? Ban da haka, in aka ji an kore ta saboda murar aladu, wane gida ne zai buɗe mata ƙofa, ko na nasu ne? Ya ce, "Wannan ba matsalata ba ce. Ɗakunan nan amana ne a hannuna, kuma na gama magana."

Ashe Nkechi tana jin mu. Ƙofar ɗakin ƙarshe ta buɗe, sai ga ta da babbar jakarta da ƙullin littattafai. Ba ta yi kuka ba. Daga ciki Rukayya na kiran sunanta da dasasshiyar murya, tana cewa, "Kawu, wallahi ita ce ke jinyata." Nkechi ta rusuna wa Yaya yadda ta ga muna yi, ta ce, "Ba komai, Baba." Sannan ta juyo gare ni. "Mama, maganin Rukayya sau uku ne, fari biyu, ja ɗaya. In bai ci abinci ba kar ka ba shi jan."

Duk abin da aka koya mini tun ina yarinya yana ce mini in sunkuyar da kai. Ban shirya komai ba, na rantse. Kawai sai na ga hannuna ya kama igiyar jakar. Nauyi gare ta, littattafai ne fal. Na ja ta a ƙasa tana ƙara, na wuce ta gaban Yaya, na ɗaga labulen ɗakina na tura ta ciki.

"Me kike yi haka?"

"Yaya, ɗakunan can a hannunka suke, ban musa ba. Ka ce ta fita, ga shi ta fita." Na nuna labulen. "Wannan ɗakin fa na wa ne?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Kai ka karanta takardar rabon da bakinka, a nan wurin, gaban shaidu. Ka ce ɗaki da baranda tumunin takaba ne. Ko na ji ba daidai ba?"

Yaya mutum ne mai tsanani, amma ba ya wasa da hukuncin gado, ko maƙiyinsa ya san wannan. Na ga yana neman ta inda zai ɓullo, babu.

"Ɗakin da kike salla a ciki?"

"Shi."

"Kusa da sallayarki za ta kwana?"

"Kusa da ni za ta kwana. Ubanta ni ya ba wa."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Matan layi sun taru a bakin zaure, ina ganin gefen mayafansu. Ya gyara hularsa ya ce, "To ki ji da kyau. In yarinyar nan ta kwana a gidan nan, ni da abincin gidan nan har abada."

Na ce, "Kai ka faɗa, Yaya, ba ni ba."

Ya fita, matan suka dare masa hanya. Ni kuwa na zauna a tabarmar da na shimfiɗa masa. Sallar la'asar ta ranar sau uku na yi ta, don duk na tayar sai in manta raka'a nawa na yi. Nkechi ta kawo mini ruwa ta ce, "Mama, kai ma ka iya faɗa ashe." Na ce ta rufe mini baki ta je ta buɗe littafi.

Ta zauna a ɗakina har aka gama jarabawa, ta ci gaba da zama har ta karɓi takardarta. Jinyar Rukayya ni na karɓa, da sabulu da taga a buɗe, fari biyu ja ɗaya. Ta tashi, ta rame kamar sanda, amma ta shiga jarabawar ita ma. Har yau ban san ko murar aladun ce ta yi ko wata ba, babu wanda ya taɓa tabbatar mana. Wasu matan layi sun yi wata biyu ba sa amsa gaisuwata. Na gaishe su kullum, da ƙarfi, har suka gaji.

Waswasi bai bar ni ba. Har gobe ina komawa in girgiza kwaɗo. Nakan kwanta in juya abubuwan da na yi a rayuwa ɗaya bayan ɗaya, in sami abin shakka a kusan kowanne: ko na yi wa wance magana da zafi, ko na tauye mudu, ko azumin wata shekara ya cika. Amma in na zo kan jakar nan da na ja, sai in tarar babu abin dubawa. Shi kaɗai ne aikin da na yi sau ɗaya ban ji ina son in sake shi ba.

Yaya Sabi'u yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Muna gaisawa a wurin suna da wurin rasuwa, yana amsawa. Amma ya riƙe maganarsa. Ɗana Bashir, wanda yanzu shi ma magidanci ne, yakan zo ya zauna ya ce, "Mama, don Allah ki je ki ba shi haƙuri, tsoho ne, kalma ɗaya ce kawai." Nakan ce masa haƙurin me? In ce na yi kuskure? Ƙarya ke nan, kuma ni ina tsoron ƙarya fiye da yadda nake tsoron Yaya.

Abin da nake yi shi ne, duk Sallah nakan tuƙa tuwon shinkafa, in yi miyar taushe irin wadda na san yana so, in zaɓi tsoka mai laushi saboda haƙoransa, in rufe a kwano mai kyau in aika gidansa. Kafin la'asar kwanon ya dawo, a rufe, ba a taɓa ba. In juye wa jikoki su cinye. Bashir ya ce in daina wahalar da kaina. Ba zan daina ba. Shi ya yi rantsuwa, ba ni ba. Bana ma na riga na sayi shinkafar.